Hancin Onur da Murhun Bamkar

A Bur Sudan, duk mai nutson da ya san ciwon kansa ba ya goya tukunyar iska sai ya tambayi wanda ya kafa injin da ya cika ta. In aka ce Onur ne, shi ke nan, sai ya gyara tabarau ya faɗa ruwa. In aka ambaci wani kuwa, sai ka ga ya tsaya ya murɗa bakin tukunyar yana sansanawa, yana yamutsa fuska kamar ya san abin da yake nema. Ina! Onur ne ya sani, shi ma da tsada ya saya.

Dogo ne siriri, da baƙar falmaran a kan jallabiya kamar kowane dattijon ƙabilar Beja, sai dai tasa jallabiyar ba ta taɓa kai azahar tana fara ba saboda baƙin mai. Hancin kuwa, Allah ya yi shi bai rage ba. Masu shayin bakin tashar jiragen ruwa suna cewa hancin ne ke fara yin sallama, sannan mai shi ya iso.

A Dungunab aka haife shi, can arewa, inda tun kaka da kakanni ba a san wata sana'a ba sai tsamo katantanwa daga ƙasan teku da numfashin ƙirji. Yana saurayi wani ya zo musu da dabara: a ɗora injin masu facin taya a kwale-kwale, a ja dogon tiyo, mai nutso ya ciji bakinsa ya yi zamansa a ƙasa yana tsinta. Samari suka yi caa a kai. Onur na ciki, shi da amininsa Bamkar, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama yana riƙe da tiyo.

Wata rana iska ta juya, hayaƙin salansa ya riƙa komawa inda injin ke zuƙa. Onur a ƙasa bai ji zafi ba, bai ji tsoro ba. Wani ɗan wari kawai ya ji a maƙogwaro, ya raina shi, sai barci mai daɗi. Bamkar ya ji an daina jan tiyo. Ko riga bai tsaya cirewa ba ya faɗa, ya damƙo shi ta tulin gashin nan da samarinmu ke tarawa su soka masa tsinken katako, ya fito da shi kamar gawa. Har gobe Bamkar na cewa da sanƙon Onur ya zo da wuri, da tuni kifaye sun yi walima.

An ce wanda maciji ya sara, ko igiya ya gani sai ya gudu. Onur bai gudu ba, bin macijin ya yi har raminsa. Ya sauko Bur Sudan, ya shiga jiragen da ke kai baƙi kallon duwatsun murjani a ƙasan teku, ya fara da wanke tukwanen iska, ya ƙare shi ake kira in za a kafa injin cika su. Ya bar taban leɓe, wadda ya fara tun gemu bai fito masa ba. Ranar aiki ba ya shafa turare. Abin da ya fi ba mutane mamaki, ranar da zai gwada inji ba ya shan gahawa sai ya sansana iskar farko, wai citta na toshe hanci. Duk wanda ya san Beja ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutumin da zai wuni bai ci komai ba ko a jikinsa, amma in hantsi ya yi bai ga jabana, tulun dafa gahawa, a kan garwashi ba, kada ka ma yi masa magana.

In ya cika tukunya, sai ya ɗora farin ƙyalle a bakinta ya murɗa kaɗan. Ya duba ƙyallen, ya kai hanci, ya rufe ido. Ba ya cewa ta yi kyau, ba ya cewa madalla. Abin da ake jira ya faɗa shi ne, "Ba komai." A duk tsawon aikinsa ba a taɓa samun wanda ya sha iskar injinsa ya fito da ciwon kai ba, kuma yana alfahari da wannan fiye da yadda wasu ke alfahari da raƙuma. Ba ya ɓoyewa ma. In an taɓo zancen sai ya gyara zaman falmaran.

Abu na biyu da yake alfahari da shi shi ne autarsa Sittana. Tsakanin tukwane ta yi rarrafe, ta girma ta ce ita ma nutso za ta yi, ta riƙa jagorantar baƙi a ƙasan ruwa. Unguwa ta ɗauka, har da masu zuwa yi wa Onur nasiha. Bamkar ne ya tsaya mata. Ya ce shi ya yi mata huɗuba ranar da aka haife ta, duk mai magana ya zo ya same shi. Ba wanda ya je, don an san bakinsa. Ita kuwa Kawu take ce masa, kuma har yanzu in ta yi laifi a gida wurinsa take gudu.

To, ana nan sai wani ɗan kasuwa ya sayi jirgin shaƙatawa, fari tas, ya sa masa suna Nasima. Ya ɗauki Bamkar a matsayin rayyis, wato mai tuƙi kuma shugaban jirgi, ya ɗauki Sittana jagorar masu nutso. Ya ce ba ya so a riƙa dawowa tasha cika tukwane, a kafa masa inji a ciki. Wa za a kira in ba Onur ba? Karo na farko ke nan tun Dungunab da aminan biyu suka haɗu a jirgi ɗaya, kuma Onur ya yi murna har ya kasa ɓoyewa.

Ya zaɓa wa injin wuri a ƙasa, kusa da janareta, inda iska ke ratsawa, don abin yana zafi kamar tanda. Ya zaunar da shi a kan roba mai kauri kada girgiza ta sassauta notuna, ya ɗaure shi ya sake ɗaurewa, ya bar sarari ta gaba inda hannu zai kai a zubar da ruwa da man da ke taruwa. Duk wannan a wurin Onur kamar cin ful ne, dafaffen waken da ake karya kumallo da shi. Aikin gaske guda ne: inda za a kai bakin tiyon da injin zai riƙa zuƙar iska, don abin da ya zuƙa shi mutum zai sha a ƙasan teku.

Ya zagaya jirgin da hancinsa. A baya salansa take. A hagu tankin mai ke fitar da warinsa. A dama tagar kicin ce, inda ake soya kifi. Saura gaba, ƙarƙashin rumfa, inda iska ke fara bugowa in an jefa anga jirgi ya juya mata fuska. Wuri ne kamar don aikin aka yi shi. Sai dai an riga shi.

Ranar da Bamkar ya karɓi Nasima, kafin ya duba inji ko sitiyari, wurin murhunsa ya fara nema, kuma shi ma iska ya bi. A nan ya kafa akwatin yashi, ya ɗora kaskon gawayi, ya rataye jakar fatar da ke ɗauke da jabana da turmi da finjalai. Daga nan yake ba da umarni, nan yake karɓar baƙi, nan yake yanke shari'ar ma'aikata. A wurin tsofaffi irin su Bamkar, wanda ya ce maka ɗauke murhunka ya ce maka tashi ka ba shi wuri ne, ko da da murmushi ya faɗa. Mai jirgin kansa bai taɓa gigin taɓa akwatin nan ba.

Onur ya yi niyyar faɗa, wallahi ya yi. Wata la'asar ya zauna, ya karɓi finjali, ya gyara murya. Sai Bamkar ya juya ga ma'aikata ya soma ba su labarin gashi da kifaye, yana kwatanta yadda ya damƙo shi, ana ta dariya, ya ƙare da dafa kafaɗarsa yana cewa wannan Mai Hancin da kuke gani, kamun hannuna ne. Onur ya haɗiye maganar tare da gahawar. Ta yaya za ka dubi mutumin da ya ba ka ranka ka ce masa ya matsa?

Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba tunda ya fara aiki: ya yi wa kansa wayo. Ya samo tiyo mai faɗi, ya bi da shi jikin ƙarfen rumfa ya kai shi sama da kan mutum, ya lanƙwasa bakin ƙasa kada feshin teku ya shiga, ya sa masa raga. Ya ce wa ransa ai teku ba ta rabo da iska, hayaƙi ba zai miƙe ba, kuma zai riƙa lura. Da ya gama Sittana ta zo ta tsaya. Ta dubi bakin tiyo, ta dubi murhu, ta dubi ubanta.

"Baba, da a jirgin wani ne fa?"

Ya ce iska za ta kwashe. Ya sunkuya yana tattara sifanu waɗanda ya riga ya tattara. Ba ta ƙara ba, amma kallon nan ya zauna masa a ƙirji, don ya san ita ce za ta fara goya tukunyar farko.

Ranar gwaji mai jirgin ya yi sadaka. An yanka rago a bakin tasha, an gasa naman a kan duwatsu masu zafi, an ci an yi addu'a, matan gidansa suka kawo turaren wuta da lubban cike da gwangwani suka ba rayyis. Aka tashi da baƙi 'yan kaɗan, aka je aka jefa anga a bakin murjani. Ranar kuwa, kamar da gayya, teku ta kwanta luf. Ko tutar jirgi ba ta motsi.

Onur ya leƙo ya ga murhu a kashe, ransa ya yi sanyi, ya sauka ya tada inji. Daga nan ba ya jin komai sai ƙara. Yana tsugune cikin zafi, gumi na zuba, ido a kan allurar awon iska, lokaci-lokaci yana zubar da ruwan inji. Inji kuwa ya yi lafiya lau, ko tari bai yi ba. Onur har yana ɗan yi masa magana kamar yadda ake lallashin raƙumi. Ya cika tukwane, ya kashe, ya hau sama da fara'arsa.

Ƙanshi ne ya tarbe shi tun daga matakala. Rumfa ta cika da hayaƙi, gahawa na tafasa, lubban na ci. Bamkar yana zaune kamar ango, ya miƙo masa finjali ya ce yau ranar sadaka ce, a yi wa doka hutu. Mai jirgin ma ya sa baki. Onur bai karɓa ba. Ya ɗauki tukunyar da Sittana ta jingina da ƙafarta, ya kai ta can ƙarshen jirgi, ya sauka kan katakon da ake faɗawa ruwa. Ya ɗebi ruwan teku ya shaƙa ya fyace, ya sake, har idonsa ya yi ja. Sannan ya ɗora ƙyalle ya murɗa.

Ƙyalle fari tas. Ya kai hanci. Lubban. Da gahawa a bayansa, siririya.

Zuciya ta ce masa ai daga rumfa ne, ai a rigarka yake, ka ce ba komai a wuce wurin. Ya sake murɗawa. Daga ciki yake. Ƙanshin ba shi ne abin tsoro ba, Onur ya sani. Abin tsoron shi ne wanda ke tafe tare da shi, gubar garwashi, wadda ba ta da wari ba ta da launi, mai sa barcin nan mai daɗi. Ya ɗaga kai ya hango 'yarsa tana gyara ɗaurin kallabin robarta, tana yi wa wata baƙuwa dariya.

Ya hau. Ya bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya yana buɗe su. Jirgi ya ɗauki tsuwa, baƙi suka toshe kunne. Bamkar ya miƙe yana tambayar ko Mai Hanci ya haukace ne. Onur ya ce akwai hayaƙi a ciki.

Sai fuskar Bamkar ta washe. Ya ce ai shi ya sa hayaƙin da kansa! Sabon gida ana turara shi, amarya ana turara ta, balle injin da amininsa ya kafa da hannunsa, wanda 'yarsa za ta sha iskarsa. Da ya ji an tada shi, sai ya hura wuta, ya zuba lubban, ya taka akwatin anga ya miƙa kaskon daidai bakin tiyo. Kuma wallahi da idonsa ya ga injin yana karɓa, hayaƙin na miƙewa yana shigewa, ko ɗis bai zubar ba. Yana faɗa yana duban jama'a, yana jiran a ce madalla. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wa zai ce wannan ba ƙauna ba ce?

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Onur ya so ya ja shi gefe, ya ga babu gefe a jirgi, kuma in ya sake haɗiyewa ba zai ƙara iya fitarwa ba. Bai ce Rayyis ba, sunansa ya kira.

"Bamkar, ka ɗauke wutarka daga nan."

Tsuwar tukwane ta mutu a hankali, ba abin da ya maye gurbinta. Ma'aikata suka sunkuyar da kai. Mai jirgin ya ga wannan ta fi ƙarfinsa, ya ja baƙinsa baya kallon kifi. Bamkar ya ajiye finjalin da ke hannunsa, wanda ko kurɓa bai yi ba, a hankali ƙwarai.

"Ni kake kora, Onur? A jirgina?"

"Tun ranar farko ya kamata in faɗa maka, kunyarka ta hana ni. Abin da ya kwantar da ni a Dungunab, irinsa ka ɗura mata. Ba ka sani ba. Ni na sani."

Ya faɗa, ya tsaya, yana jin shekarun nan duka suna zamewa daga hannunsa. Ya san Bamkar. Ya taɓa ganin ya daina gaisawa da ɗan uwansa na jini a kan maganar da ba ta kai wannan ba. Sittana ta buɗe baki za ta ce Kawu, ubanta ya ɗaga mata hannu.

Bamkar bai dube shi ba. Yarinyar ya duba, ya daɗe yana dubanta, ita da tukunyar da babu komai a cikinta yanzu. Sai ya kwance rawaninsa ya naɗe hannu, ya sunkuya ya ɗauki kaskon da garwashinsa ja-wur, ya taka zuwa bakin jirgi ya kife shi a teku. Ruwa ya ce cuu, tururi ya tashi.

"Sau ɗaya na tsamo ka, ina da ƙarfina," in ji shi, har yanzu bayansa ya ba su. "Yanzu na tsufa. Ba zan iya tsamo ta ba."

Onur ya je ya tsaya kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa, suna kallon baƙin gawayi yana yawo a kan ruwa. Can Bamkar ya goge fuska da jelar rawani, ya ce me kuma ake jira, ko sai an aiko wa Mai Hanci da goron gayyata kafin ya koma aikinsa?

Ya koma. Ya canza matatar injin, ya bar shi ya yi ta zuƙa yana fitarwa har ya tabbata ya wanke cikinsa, ya cika tukwane ya zubar, ya sake cikawa. Rana ta take tsaka kafin ya hau da tukunya. Wannan karon a gaban rumfa ya tsaya, kowa na kallo. Ya ɗora ƙyalle, ya murɗa, ya rufe ido. Bamkar ya matso har gemunsa na taɓa kafaɗar Onur.

"Ba komai," in ji Onur.

Sittana ta goya, ta sumbaci kan ubanta, ta sumbaci kan kawunta, ta faɗa ruwa da baƙinta. Tsofaffin biyu suka jingina da ƙarfen jirgi suna bin kumfarta da ido. Kowannensu kansa na sarawa saboda rashin gahawa, kowanne na ɗora wa ɗan uwansa laifi. Bamkar ya ce a duk Bahar Maliya ba a taɓa yin rayyis da ya kai azahar ba jabana ba sai shi, kuma a kan hancin wani. Onur ya ce shi ya saba. Amma ko ɗaya bai ɗauke ido daga kumfar ba sai da kanta ya ɓullo, ta cire abin baki ta ɗaga musu hannu tana dariya.

Da la'asar Bamkar da kansa ya ciro akwatin yashin, bai yarda kowa ya kama masa ba. Ya kai shi baya, inda rana ke duka, ga warin gas, ga girgizar inji. Ya hura sabuwar wuta yana mita, ya soya gahawa, ya daka, ya tafasa. Finjalin farko Onur ya miƙa wa, Onur kuwa ya karɓa da hannu biyu.

Har yanzu can murhun yake, kuma ba a hura shi sai rayyis ya leƙa ƙasa da kansa ya ga inji a kashe. A gaba, ƙarƙashin rumfa, akwai shatin akwati a kan katako daidai ƙasan bakin tiyo, Bamkar ya hana a yi masa fenti. In sababbin baƙi sun hau, nan yake fara kai su. Ya nuna musu tiyon, ya buga ƙirji ya ce duk tashar nan babu jirgin da iskarsa ta kai ta Nasima rashin ƙanshi, kuma shi ya ba ta wurinsa. In Onur na kusa ba ya musu. Gyara zaman falmaran kawai yake yi.